Akwatin da ke Ƙarƙashin Bene

Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci, aka tarar da ofishin ƙungiyar 'yan kasuwar Filazar Tsamiya a buɗe. Teburin kusurwa babu komai a kansa sai wayoyi suna lilo kamar hanjin akuya. Ba a taɓa fanka ba, ba a taɓa talabijin ɗin bango ba, har lemon da shugaba ya sha rabi yana nan inda ya bar shi. Abu ɗaya aka ɗauka, saba, wato baƙin akwatin nan da kyamarori goma sha shida na filazar ke zuba wa duk abin da suka gani.

Ni ban sa ƙafa a wurin ba sai da safiyar Asabar. Sunana Bamalli, mutumin Iku. Mahaifina ya bi sawun shanun sata, ni kuma na gaji sana'ar a lokacin da ta fara ƙanƙancewa, na bi na awaki da babura tare da 'yan sintiri shekara ashirin da 'yan kai. Daga nan aka shimfiɗe rabin Suleja da intalok, tubalin daɓen nan da ba ya riƙe sawu, aka rataya kyamara a kowace kusurwa, gwiwata kuma ta fara ƙara kamar ƙofar langalanga. Yanzu ƙwai nake sayarwa a bakin titi. Har yau ana kirana Sarkin Sawu, sarautar da babu wanda ya naɗa ni, babu kuma mai sha'awar ƙwace ta.

Almu ne ya zo ya ɗauke ni. Benci ɗaya muka zauna tun ajin farko na firamare, shi ya riƙe min babbar riga ranar ɗaurin aurena, kuma yana da shagon kayan waya a saman benen filazar.

"Sarkin Sawu, na'ura ta gaza, an dawo wurin tsohon hannu," in ji shi. "Rufe ƙwan nan ka shigo mota."

A hanya ya warware min zancen. Sau uku masu saye suna dawo wa Hajiya Asama'u, mai shagon wayoyi a filazar, da wayoyin da suka saya, wai jabu ne. Ita kuma ta rantse masu kyau ta saro, don haka a cikin siton da 'yan filazar ke ajiya tare ake musanya mata su. Kwamiti ya kira Yejide, injiniyar da ta haɗa kyamarorin, ta zo ranar Asabar ta fito da hotunan wata guda. Saura kwana ɗaya saba ta yi ƙafa.

"Wa ake zargi?"

"Onwuka."

Ba sai an yi min bayani ba. A Filazar Tsamiya akwai al'adar da ta girmi fentin ginin. Idan Musulmi za su tafi Juma'a ba sa sa kwado, sai su ja ƙofa su bar wa Kiristoci ido, makullan sito da na ƙofar baya kuma a miƙa wa Onwuka mai sayar da batir da inbata. Ranar Lahadi a juya. To, wayar Yejide ta nuna saba ta mutu ƙarfe biyu saura minti goma sha uku, daidai lokacin da liman ke kan mumbari. Kwamiti ya ƙara wa shagon Onwuka kwado na biyu, an ce ya zauna a gida. Idan Litinin ta yi saba ba ta fito ba, za a miƙa shi ga 'yan sanda, a ba wani shagon da ya yi shekara goma sha huɗu a ciki.

"Kai kana ina lokacin?" na tambaya, don kawai baki ya saba.

"Abuja tun safe. A hanya na yi salla, sai la'asar na iso na tarar da cincirindo." Ya rage gudu, ya rage murya. "Amma akwai aikin da nake so ka yi min a ɓoye. Akwai saba ta biyu, mai riƙe kwafin komai. Ni na dage aka sa ta bara. An mai da ita wani wuri, kuma babu mai son faɗa min ina ne. Jiya na tambayi shugaba, sai kame-kame yake. Yarinyar nan Yejide ma ban yarda da ita ba. Ka gano min inda take, ka faɗa min ni kaɗai, kafin ɓarawon ya riga mu."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Shekara shida rabon da wani ya ce min ni kaɗai zan iya wani abu.

*

Filazar ta rabu biyu ba tare da an ja layi ba. Masu shagunan gaba suna tsaye a gindin tsamiya suna magana ƙasa-ƙasa, su Madam Folake mai gyaran gashi suna can ɗaya ɓangaren sun harɗe hannu. Da na wuce na ji wani yana cewa dama shi bai taɓa yarda da barin makulli a hannun baƙo ba. Na san shi. Shi ne mai barin wa Onwuka har 'yarsa idan an taso daga makaranta.

A ofis babu abin gani. Ba a fasa ƙofa ba, kuma kowane ɗan kwamiti yana da makullinta: Alhaji Nasiruddeen shugaba, Hajiya Asama'u, Almu, da Onwuka. Wayoyin ba fizge su aka yi ba, a hankali aka zare su ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin tebur don kada a ce ban yi komai ba, sai da mutum biyu suka ɗaga ni.

Bayan ginin ne Allah ya bar min ɗan tsirin jar ƙasa da intalok bai kai ba, daga ƙofar baya zuwa kwata. Ruwan daren Alhamis ya jiƙa ta, tun daga nan kuma ba a sake yi ba. Akwai sawun babban takalmi mai hanci ƙarfe, ya shiga ya fita, da ɗigon baƙin mai. Akwai sawun mota, tayoyi uku zanensu ɗaya, ta huɗun daban. Na san tayar. Tare muka saye ta da Almu a wurin mai faci a Zuma ranar da muka yi faci a hanyar biki. Na ce a raina ai ya saba ajiye mota a nan, na kawar da kai na bi takalmin.

Takalmin ya kai ni wurin Chukwuka mai gyaran janareto, wanda aka ce ya taɓa zagin kyamarorin a gaban jama'a.

"Oga Sawu, na zage su, gobe ma zan zage su," in ji shi, yana goge hannu da tsumma. "Mutum ya ɗan kwanta a bayan injin, sai shugaba ya kira shi a waya wai me ya sa yake barci. Amma me zan yi da saba? Tana da fistin?"

"Jiya fa?"

"Na zuba mai, na fita sha biyu daidai. Ina Zuma har yamma, injin niƙan wata mata ya ƙi tashi. Je ka tambaye ta, har yanzu tana zagina."

Na je. Tana zaginsa.

*

Onwuka yana haya a wani gida mai ɗakuna jere a bayan kasuwa. Na same shi zaune a kan benci da singileti, yana gyara fitilar da ba ta lalace ba. Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu.

"Malam Bamalli, sun aiko ka ka ga ko tana ƙarƙashin gadona? Shiga ka duba."

"Gwiwata ba za ta ƙara wani durƙuson yau ba. Wa ya shigo filazar lokacin salla?"

"Ina gaba, ina kallon shaguna ashirin da ido biyu."

"Ban ce me kake kallo ba. Na ce wa ya shigo."

Ya juya fitilar, ya sake juya ta.

"Ka san yadda na sami shagon nan? Lokacin babu mai ba ɗan kudu haya a layin. Mutum ɗaya ya je wurin mai ginin ya ce in na yi ɓarna a kama shi." Ya ajiye fitilar. "Ba ni da abin faɗa. Litinin ta zo."

Na san wanda ya tsaya masa, duk filazar ta sani. Na ɗauka yana nufin kunyar Almu yake ji, ya ja masa abin magana. Haka na fassara, don haka ta fi min daɗi.

Da zan tafi ya kalli sama, hadari ya fara haɗuwa ta wajen dutsen Zuma.

"In za ka koma, ka ɗauko min rigar ruwata. Tana cikin akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin bene. Ga makulli."

*

Akwatin yana lungun da ba mai shiga sai mai neman tsintsiya, an kafe shi a bango daidai gwiwa, an yi masa fenti kalar bangon. Na sa makulli, kafin in murɗa kwadon ya faɗo a tafin hannuna. An yanke shi ta baya da zarto, aka mai da shi aka jingina yadda mai wucewa zai ga kamar a rufe yake. Garin ƙarfen yana nan a ƙasa, ko tsatsa bai fara ba. Gefensa, a kan danshin siminti, akwai gurbin gwiwa biyu, da shatin yadi mai kauri irin na shaddar da ta sha sitati.

A ciki kuwa rigar ruwa ce, da kular abinci, da tsohuwar jarida.

Ɓarawo ya zo da zarto, cikin sauri, da rana tsaka, ya ɓata mintunan da ba shi da su a kan akwatin da babu komai sai rigar ruwa. Onwuka kuwa ba zai yanke kwadon da makullinsa ke aljihunsa ba.

*

Yejide na samu a ofis tana naɗe wayoyin da aka bari. 'Yar Suleja ce haifaffiya, tana aiki Abuja tana kwana gida, kuma tana da irin kallon nan na mutumin da ya gaji da faɗin "ai na gaya muku".

"Injiniya, ni ƙauye na fito. Yi min bayanin abin nan kamar kina yi wa akuya."

"Baba, akuya ta fi kwamitin nan saurin ganewa." Ta jawo takarda ta zana akwati uku. "Hanya uku na ba su. Ta farko, komai a saba ɗaya a ofis: ita ke karɓar hoto, ita ke ajiyewa, ita ke ba mutum izinin kallo. Ta fi sauƙi, amma ranar da aka ɗauke ta an ɗauke komai. Ta biyu, a raba aiki, wannan tana ofis, wata tana ɓoye a wani wuri tana kwafar duk abin da ta farko ta samu. Ta uku, hoton ya riƙa tafiya ta intanet zuwa sabar kamfani a wata ƙasa, abin da muke ce wa kulawud. Wannan ko an ƙone ginin hoto yana nan."

"Me ya hana ta ukun?"

"Kyamara goma sha shida, dare da rana, a kan netwok ɗin layin nan? Kai ma ka san sai ka fita gindin tsamiya kake samun kira. Kuma Hajiya ta ce ba za a kai hoton sitonta ƙasar da ba ta taɓa zuwa ba. Abin da ke zuwa wayata saƙo ne kawai, saba tana raye ko ta mutu."

"Kyamarorin su kansu ba sa riƙe komai?"

"Da an sa musu katin memori da sun riƙe. Na rubuta, aka soke."

"To ta biyun ina kika mai da ita?"

Ta ɗago ta dube ni, sai ta yi dariya har ta dafa tebur.

"Wa ya aiko ka, Baba? Babu ta biyu. Ba a taɓa yin ta ba. An yarda a zaman farko, mai walda ya ƙera akwati, na ja waya har ƙarƙashin bene. A zama na biyu suka ce kaya sun yi tsada, a bari sai baɗi. Je ka tambayi shugaba, shi ya san sauran. Ni an ce in rufe bakina, na rufe."

*

Alhaji Nasiruddeen yana shagonsa na firij. Da na ambaci akwatin sai ya aiki mai jiran shagon sayen goro, ya jawo min kujera.

"Malam Bamalli, abin kunya ne, amma tunda ka tono. Almu ne ya kafe a kan ta biyun, har ya ce in ba a sa ba zai bar kwamiti. To zama na biyu ya faɗo yana aikin Hajji. Da ya dawo muka je barka da zuwa. Ɗaki cike da mutane, yana raba dabino da zamzam, ya dube ni a gaban kowa ya ce, an sa ta biyun ko? Kai da kai ne me za ka ce wa mutumin da ko kwana biyu bai yi da sauka ba?"

"An sa."

"An sa. Da niyyar in ja shi gefe daga baya. Daga bayan ce ba ta zo ba. Kullum ya wuce ta lungun sai ya ce, maganin ɓarawo yana nan. Mu ce yana nan, Alhaji. Har masu shara sun san a yi shiru. Jiya da ya tambaye ni, da ƙasa za ta tsage da na shige."

"Ke nan a filazar nan mutum nawa ne suka ɗauka akwai saba a akwatin?"

Ya fara ƙirgawa da yatsu, bai wuce na farko ba.

Na koma bayan gini kafin ruwa ya sauko, na yi durƙuson da na rantse ba zan ƙara ba. Tayar Almu ta hau kan sawun takalmin Chukwuka, wanda ya fita sha biyu. Baron mai kawo ruwan leda, wanda ke zuwa ƙarfe uku kullum, shi kuma ya hau kan tayar. Da safe ma haka suke. Idona ya gani tun lokacin, ni ne na ce masa ya yi shiru.

Saura abu ɗaya. A tashar mota akwai masallacin da ake Juma'a ƙarfe ɗaya saboda matafiya. Da na kwatanta masa Almu, mai jiran takalma ya tuna Alhajin da ya ba shi kyauta mai tsoka, ya fita da sauri ko addu'a bai tsaya ba.

*

Lahadi da hantsi na je gidansa. Muhsina matarsa ta kawo kunun gyaɗa da ƙosai, ta tambayi gwiwata, ta ce in gaida mutan gida.

"Ka gano?" in ji Almu, da ta fita.

"Na kusa."

"Tana cikin filazar ko waje?"

"Almu, gobe za a kai Onwuka."

"Allah ya fitar da shi in ba shi da hannu."

"In akwai maganar da kake so ka yi min, ni da kai, yanzu ne lokacinta."

Ya dube ni, irin kallon da yake min tun muna yara idan ya san amsar lissafi ni ban sani ba.

"Sha kununka, Sarkin Sawu, zai huce."

Na sha. Yana da daɗi, abin haushin ke nan. A hanyar dawowa na yi ta lissafin yadda abin zai zo da sauƙi: in ce sawu ya ɓace a kan intalok, wanda ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, in koma wurin ƙwaina. Babu wanda zai yi mamaki. Mutum ba ya faɗuwa daga tabarma.

*

Bayan la'asar shugaba ya tara mu a ofis. Hajiya Asama'u ta zauna kusa da taga, Yejide ta jingina da bango, Chukwuka ya tsaya a bakin ƙofa don kada ya ɓata kafet. Onwuka ya zo da kwat ɗin coci, ya ƙi zama. Almu ya zauna kusa da ni, kamar kullum.

Na ajiye yankakken kwadon a kan teburin da saba ta bari.

"Wannan na akwatin ƙarƙashin bene ne. Ranar Juma'a aka yanke shi aka mai da shi. Wanda ya ɗauki saba ya je neman 'yar'uwarta a can. Tambaya ɗaya gare ni. Duk wanda ya san ba a taɓa sa saba a akwatin nan ba, ya ɗaga hannu."

Yejide ce ta fara. Sai Hajiya, sai Onwuka, sai Chukwuka da baƙin tafinsa. Shugaba ya ɗaga nasa rabi, idonsa a ƙasa.

Almu ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ba a taɓa sa wa ba?"

"Ba a saya ba ma, Alhaji," in ji shugaba. "Kana Makka. Mun so mu gaya maka."

"Shekara guda." Ya yi wata 'yar dariya. "Shekara guda ina wucewa ina nuna muku akwatin kular Onwuka, kuna cewa yana nan, Alhaji. Har kai, Chukwuka?"

"Oga, ni aka ce kar in faɗa."

"To an yi min ƙarya, na ji. Sai me? Wanda aka yi wa ƙarya shi ne ɓarawo?"

Nan ne wurin da zan iya tsayawa. Na kalli kwadon, don ya fi sauƙin kallo.

"Jiya da safe, kafin kowa ya san an taɓa akwatin, wani ya ce min an mai da saba ta biyu wani wuri. Wanda ya yarda tana nan, kuma ya san ba ta cikin akwatin, sai wanda ya buɗe ya gani."

"Wannan magana ce tsakanina da kai, Bamalli."

"Ita ce."

Na faɗi sauran a gajarce, tayar Zuma, da takalmin Chukwuka, da baron mai ruwa, da masallacin tasha. Ban ɗaga murya ba.

Hajiya Asama'u ce ta juya wurin Onwuka.

"Kai kuma ka gan shi?"

"Na ga motarsa ta shiga ta baya," in ji Onwuka. "Na ce Alhaji ya yi mantuwa ne. Da aka ce saba ta ɓata, na jira ya yi magana. Da aka sa wa shagona kwado, yana tsaye, shi ya riƙe wa shugaba makullin. Na ce bari in ga ko zai kai Litinin."

"Da ya kai fa?"

"Da na je. Ya taɓa tsaya min."

Almu ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce saba tana gidansa a cikin silin, ya kasa jefa ta a rafi. Ya ce jarinsa ya karye, kwalayen da ke jere a shagonsa tun azumi babu komai a cikinsu. Ya fara bayanin yadda ya riƙa musanya wayoyin Hajiya a sito, ta ɗaga masa hannu.

"Ni ka bar ni tukuna. Wayoyi ana sake sarowa. Wancan za ka kalla."

Bai kalli Onwuka ba.

Shugaba ya yi gyaran murya ya ce a yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne, ya miƙa wa Onwuka makullin kwado na biyu. Onwuka ya sa hannuwansa a aljihu.

"Wanda ya sa shi zai cire. Gobe da safe, lokacin da kowa ya buɗe shago."

Haka kuwa aka yi, amma wannan labarin Litinin ne.

*

Ni aka ce in raka Almu ya ɗauko saba, wai ni ne na kusa da shi. Muka shiga motar, bai tayar ba. Ruwa ya fara sauka a kan gilashi.

"Duk Suleja babu wanda za ka kira sai ni?" na ce.

"Wa zan kira? Ina bukatar mai nemo min ta biyun." Ya share gilashin da gefen hannu. "Kuma na yi lissafi. Na ce Onwuka ko ya gan ni ba zai faɗa ba. Kai kuma na ce da wuya ka gano, in ma ka gano ba za ka iya buɗe baki a kaina ba. Na san ka, Bamalli."

"Ka ci ɗaya."

"Na ci ɗaya."

Ya murɗa makulli. Muka fita ta ƙofar baya, tayoyin suna taka ɗan tsirin ƙasar da ruwa ya riga ya fara mayarwa taɓo. Har muka kai gidansa ban ga dalilin gaya masa cewa har na hau matakalar ofishin nan ban san me zan yi ba. Shekara arba'in da biyar ya yi yana karanta ni. Da ƙiris ya kuskure, kuma har yau ban san daga ina ƙiris ɗin ya zo ba.